Daga Gafaka Zuwa Wayar Hannu: Takardun Malaman Zango da Masu Tsaronsu



A 'yan shekarun nan ya zama ruwan dare mutum ya ga hoton wata tsohuwar takardar ajami tana yawo a Facebook ko WhatsApp, wani ya ce ta Shehu ce, wani ya ce ta Alhaji Umaru na Karaci ce, jama'a su sa albarka, a wuce. Ba safai ake tambayar inda takardar take ba, ko wanda ya ɗauki hotonta, ko wanda ya zauna ya tantance cewa ta wane ce. Alhali duk wanda ya yi karatun zaure an hore shi da cewa ilimi ba ya tsayuwa sai da salsala: wa ya karantar da kai, shi kuma wa ya karantar da shi. To, takarda ma tana da tata salsalar, kuma a cikinta akwai mutanen da ba a cika ambato ba, watau ma'aikatan laburaren jami'o'i. Labarinsu da takardun malamanmu na ƙasar Gwanja da Asante nake so mu bi, tun daga zamanin fataken goro har zuwa yau da masana ke nazarin tarihi da adabi da taimakon kwamfuta.

Asalin maganar goro ne. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, su yi watanni a hanya kafin su sauka Salaga, kuma da wuya ayari ya tashi babu malami a cikinsa. Malamin nan da littattafansa yake tafe. Littafin wancan zamani ba a ɗinke yake ba: warƙa-warƙa ne, a haɗa su tsakanin tadarishi, a ɗaure da tsirkiya, a sa a gafaka. Domin kada su rikice, marubuci yakan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama. Ita kanta takardar mafi yawa daga Italiya ake kawo ta, ta biyo Tarabulus ta ratso hamada, kuma in ka ɗaga ta ga hasken rana za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. Ku riƙe waɗannan ƙananan abubuwa, domin da su ne ma'aikacin laburare zai yi aiki bayan shekara ɗari.

A cikin malaman da wannan hanya ta kawo mana babu wanda ya kai Alhaji Umaru suna. An haife shi a Kano wajen shekarar 1858, asalin gidansu Kabawa ne, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, sa'an nan ya zauna Salaga. Da yaƙin basasar 1892 ya wargaza garin, mutane suka watse zuwa Yeji da Kintampo da Kumasi da Ankara, shi kuma ya ƙare a Kete-Karaci, ya zama limaminta, a can ya rasu a 1934, Allah ya jiƙansa. Ya yi waƙa da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, ya yi a kan talauci da wadata, ya yi a kan annobar murar nan ta 1918, ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Tun yana saurayi a Kano ya wallafa littafi kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, mai suna al-Sarhatul Wariƙa, saboda haka mu masu rubuta wa manya wasiƙu muna ɗaukarsa kakanmu a sana'a.

Turawan da suka fara tara rubutunsa ba ma'aikatan laburare ba ne. Akwai Gottlob Adolf Krause, Bajamushen da mutanen Salaga suka laƙaba wa Malam Musa, wanda takardun Hausar da ya tara suka ƙare a babban laburaren birnin Balin. Akwai Adam Mischlich, jami'in mulkin Jamus a Karaci lokacin tana cikin Togon Jamus, wanda ya sa Alhaji Umaru ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa, sarautunta da sana'o'inta da al'adunta, ya kuma fitar da ƙamus ɗin Hausa a 1906. A ɓangaren Ingilishi kuwa, R. S. Rattray ya sa wani Malam Shaihu ya rubuta masa tatsuniyoyi da al'adu da karin magana da ajami, aka buga su a 1913 cikin mujalladi biyu, da hoton rubutun malamin kansa. Ba na jin akwai amfanin mu yi wa kanmu ƙarya game da niyyar waɗannan mutane: mai mulki yana koyon harshenka ne domin mulkin ya zauna masa. Amma gaskiya ita ce abin da suka kwasa ya faɗa hannun masu ajiya, masu ajiya suka ba shi lamba, lambar ta tsare shi. Takardun Mischlich sun ratsa yaƙin duniya biyu, suka koma hannun Heinz Sölken, har Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warso ya buga wani sashe nasu a shekarar 2000.

Akwai wani labari da ya girmi wannan, wanda ke nuna amfanin ajiya da kuma iyakarta. A laburaren sarki na Kopanhagen, babban birnin Danmak, akwai wani ƙunshi mai lamba 302 a jerin takardun Larabci, mai warƙa wajen 900. Daga Kumasi ya fito, na farkon ƙarni na 19. Galibinsa laƙani ne da hatimai da addu'o'in tsari, amma a tsakaninsu akwai wasiƙun da Musulmin Kumasi suka yi musaya da 'yan'uwansu na arewa. Masana na kyautata zaton an tsince shi ne a fagen yaƙin Katamanso na 1826, inda aka karya rundunar Asante, mutanen Danmak kuwa suna cikin waɗanda suka yaƙe ta. Wannan ƙunshi ya kwana fiye da shekara 130 a kan kanta, gara ba ta taɓa shi ba, ruwa bai jiƙa shi ba, amma kuma babu wanda ya amfana da shi, domin masu tsaronsa ba su san ƙimarsa ga tarihinmu ba, waɗanda suka san ƙimarsa kuma ba su san yana can ba. Sai a shekarun 1960 masana irin su Nehemia Levtzion suka duƙufa a kansa, daga baya ɗan ƙasarmu David Owusu-Ansah ya yi littafi guda a kai a 1991. Ajiya ta yi nata aikin, abin da ya yi jinkiri shi ne bayanin da zai sada takarda da mai nemanta.

Aikin tarawa na gaskiya a ƙasar nan ya soma ne bayan samun 'yanci. An kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Gana da ke Legon a 1961, Thomas Hodgkin ya shugabance ta daga 1962, Ivor Wilks yana cikin malamanta. Da Kwame Nkrumah ya zo buɗe ta a watan Oktoba na 1963, ya ambaci takardun Larabci da Hausa da cibiyar ta fara tarawa a cikin jawabinsa. Sai dai akwai suna guda da ya kamata kowane ɗan zango ya sani, shi ne Alhaji Usman Ishaƙ Boyo na Kintampo. Shi ne ya riƙa bin garuruwa, yana sallama a zaurukan malamai, yana roƙon aron littattafai. Bature ba zai iya wannan ba, domin malami ba ya kwance gafakarsa ga wanda bai san asalinsa ba. Tsarin da suka bi kuwa mai kyau ne: a ari takarda, a kai Legon a yi mata fotokwafi, a mayar wa mai ita abinsa. Tun a 1962 Boyo da Hodgkin da Wilks suka fitar da jerin sunayen abin da aka samu, kuma a hankali tarin ya kusa takarda 500. A cikinsa akwai waƙoƙin Alhaji Umaru, akwai salsalolin malamai, akwai Kitabu Gwanja, tarihin da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 18, wanda aka buga da fassara a 1986.

Ku dubi lokacin da aka yi wannan aiki. A daidai waɗannan shekaru ne ake gina madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965. Ruwan tafkin Bolta ya tashi mutum wajen 80,000 daga gidajensu, tsohon garin Kete-Karaci kuma, inda Alhaji Umaru ya yi limanci ya karantar, ya nutse a ƙarƙashinsa. Wanda ya taɓa ganin ƙaura ta dole ya san ba a nan ake bin warƙa ɗaya-ɗaya ana lissafi ba.

Yanzu bari mu tsaya kan ainihin aikin ma'aikacin laburare, domin mutane da yawa na zaton iyakarsa kakkaɓe ƙura da hana surutu. Babban aikinsa shi ne fihirisa. In aka ajiye masa ƙunshin warƙoƙi, sai ya fara jera su da taimakon kalmar nan ta ƙasan shafi, ya gano inda littafi ya ƙare da inda wani ya fara, domin sau da yawa gafaka ɗaya takan haɗa littafi biyar da wasiƙa da lissafin bashi. Sa'an nan ya rubuta sunan littafin in yana da shi, in babu ya kwafi layin farko da na ƙarshe. Ya duba hatima, inda mai kwafi kan faɗi sunansa da ranar da ya gama da wanda ya rubuta wa. Ya bambanta mawallafi da mai kwafi da mai mallaka, waɗanda mutum uku ne daban ko da jahili zai haɗa su. Ya auna tsawon takarda da faɗinta, ya ƙirga warƙoƙi da layuka, ya faɗi irin hannun rubutun, ya ɗaga ta ga haske ya ga tambarinta domin ƙiyasta zamani. Ya faɗi harshe: Larabci ne, ko Hausa, ko Larabci mai jayya da Hausa a gefe. A nan ma an daɗe ana tafka asara, domin mai fihirisar da ya iya Larabci kaɗai in ya ci karo da ajami yakan ɗauka gurɓataccen Larabci ne, ya rubuta cewa ba ya karantuwa, ya wuce.

Sai kuma matsalar suna, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ku ɗauki Alhaji Umaru kansa. A takardun Larabci shi ne Umar bin Abi Bakar bin Usman al-Kabbawi al-Kanawi as-Salagawi. A bakin mutanen Karaci da rubutun wasu Turawa shi ne Imam Imoru. Da wannan suna Douglas Ferguson ya yi kundin digirinsa a Amurka a 1973. A wajen wasu Alhaji Umaru Karaci, a wajen wasu Umaru Salaga. Ga wanda ya san tarihin, mutum ɗaya ne. Ga kwamfuta kuwa mutum huɗu ne ko biyar, kuma in ɗalibi ya nemi ɗaya ba za ta nuna masa sauran ba. Ma'aikatan laburare ne ke zama su tsayar da suna guda tabbatacce, su ɗaura sauran a jikinsa, ta yadda ta kowace ƙofa ka shigo za ka iske mutumin. Haka suke yi wa sunan gari da sunan littafi. Aiki ne mai cin rai wanda ba a yi wa kowa kirari a kansa, amma duk wani nazari na kwamfuta da za a yi daga baya a kansa yake tsaye.

Da Wilks ya koma Jami'ar Northwestern ta Amurka a 1971, kwafin takardun Legon sun sami mazauni na biyu a laburaren nazarin Afirka na can, mai sunan Melville Herskovits. A nan suka haɗu da littattafan Malam Umaru Falke, attajiri kuma malamin Kano da ya rasu a 1962, waɗanda suka haura 3,000, laburaren mutum guda cif, daga tafsiri har lissafin kasuwa. John Hunwick, wanda ya koyar a Legon kafin shi ma ya koma can, ya ɗauki nauyin tattara sunayen mawallafan Afirka da littattafansu da inda kowane kwafi yake. Mujalladi na biyu na wannan aiki, wanda ya ƙunshi ƙasar Hausa da Barno, ya fito a 1995, na huɗu kuma, wanda malamanmu na nan suke ciki, a 2003.

Shigowar kwamfuta cikin lamarin ta biyo ta hannun wani wanda shi ma ɗalibin Legon ne, Charles Stewart, wanda ya yi kundinsa kan Tijjaniyya a Gana a 1965. A ƙarshen shekarun 1980, yana Jami'ar Ilinoi, ya ɗauki hoton littattafan gidan Shehu Sidiyya a Butilimit ta ƙasar Muritaniya, ya ga fihirisar takarda ba za ta ɗauke su ba, sai ya sa aka ƙera masa manhaja mai karɓar Larabci da boko tare. A hankali aka riƙa zuba mata fihirisar wasu wurare, har da Tumbutu da Yamai da tarin Northwestern. Yau wannan rumbu yana ƙarƙashin kulawar laburaren Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, kowa na iya shiga ya bincika ba da ko sisi ba.

Ga misalin abin da irin wannan rumbu ke haifarwa. A 2011 Stewart da Bruce Hall suka ɗauki bayanan takardu wajen 21,000, suka tambayi kwamfuta: waɗanne littattafai ne ake samun kwafinsu a yankuna daban-daban, daga bakin tekun Muritaniya har Kano? Amsar da ta fito ita ce Risala da Muhtasar, da Ajurumiyya da Alfiyya, da aƙidun Sanusi, da Ishiriniya da Dala'ilu, da Ashafa da Jalalaini, da Muƙama da waƙoƙin mawaƙan jahiliyya shida. Na san wani almajirin zai yi murmushi ya ce, wannan ai sai a tambaye ni a huta da sayen kwamfuta. Da gaskiyarsa. Amma almajirin ya san zaurensu ne kawai. Abin da bai iya tabbatarwa ba, sai lissafin ya tabbatar, shi ne cewa yaron Wa da na Walata da na Katsina, waɗanda ba su taɓa jin labarin juna ba, tsani ɗaya suke hawa, ƙarni bayan ƙarni, babu ma'aikatar ilimi, babu gwamnatin da ta tsara musu. Wannan hujja ce da ake iya ajiyewa gaban duk mai cewa kakanninmu ba su da tsarin karatu. Kuma ba ta samu ba sai don wasu sun zauna sun cika wa takarda 21,000 bayanai, ɗaya bayan ɗaya.

Ta fuskar ajami kuwa, aikin da ya fi fitowa fili shi ne na Jami'ar Boston, wanda Farfesa Fallou Ngom, ɗan Sanagal, ya jagoranta tare da laburaren jami'ar da wata cibiyar bincike a Dakar. Su ba sa ɗauke takarda daga gidan mai ita. Ana zuwa da kyamara a ɗauki hoto a nan take, a rubuta sunan mai ita da tarihin yadda ta zo hannunsa, a bar masa abinsa. Dakta Mustapha Hashim Kurfi na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi aikin ɓangaren Hausa, kuma a rumbun akwai har ajamin Dagwamba daga arewacin ƙasar nan. Rabon ma'aikatan laburare a ciki shi ne abin da ido ba ya gani: su ke faɗin girman hoton da za a ɗauka da yadda za a sa wa kowane suna, su ke duba bayanan kafin a saki, su ke ba kowace takarda adireshin da ba zai canza ba ko an sauya na'urori, su ke ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Manazarci yakan gama aikinsa, kuɗin tallafi ya ƙare, ya koma wani abu ko ya yi ritaya. Shafukan intanet nawa ne suka mutu da tafiyar masu su? Laburare ne ke zama.

A wajen koyarwa ma an ga amfaninsa. An zaɓi wasu takardu na Hausa da Fulatanci da Mandinka da Wolof, aka jera hoton ajamin, da juyinsa zuwa boko, da fassara da Ingilishi da Faransanci, wasu har da muryar mai rera su. Wannan na ƙarshe ya fi komai dacewa, domin waƙar ajami ba don ido aka yi ta ba. Wanda bai ji karinta ba rabinta ya samu. Da irin wannan kaya malamin jami'a ke shiga aji, ma'aikacin laburare kuma ya nuna wa ɗalibai yadda ake bincike a rumbu, da yadda ake ambaton takarda da lambarta, da yadda ake kwatanta kwafi biyu a gano inda mai kwafi ya yi tuntuɓe. Abin takaici kawai shi ne ɗalibi a Boston na iya koyon karanta hannun kakanmu, jikan mai hannun kuwa a Nima ko Aboabo ya iya boko ya iya Larabci, amma in ka miƙa masa ajami sai ya tsaya yana kame-kame.

Ita kanta kwamfutar sai da aka koya mata baƙaƙenmu. Rubutunmu na Warshu ne: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, kuma su da nun sukan yar da ɗigon a ƙarshen kalma. Tsarin haruffa na duniya da ake kira Unicode bai ba waɗannan gurbin kansu ba sai a 2016, wasu baƙaƙe masu ɗigo uku da ake rubuta irin su gw da ƙw da su kuma sai a 2020. A 2017 aka fitar da salon haruffa mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun Kano. Duk da haka, manhajar da ke karanta rubutu daga hoto har yanzu tana shan wuya da ajami, domin kowane malami da hannunsa, kuma ba a taɓa haɗuwa kan ƙa'idar rubutu guda ba: abin da wannan ya rubuta da ɗa mai hannu, wancan da wani baƙi ya rubuta shi. Kafin na'ura ta iya, sai mutane sun juya mata dubban shafuka da hannu ta koya daga gare su. Su wa za su yi wannan in ba waɗanda suka tashi da allo ba?

Kada kuma a ɗauka abin da ya hau intanet ya tsira ke nan. A Janairun 2013 mun ji yadda aka ƙone takardu wajen 4,000 a cibiyar Ahmad Baba ta Tumbutu, ko da yake mafi yawan takardun garin an riga an sulale da su zuwa Bamako, inda aka shafe shekaru ana ɗaukar hotonsu. Wannan ya sa kowa ya ce mafita ita ce hoto. To amma a Oktoban 2023 ɓarayin intanet suka afka wa babban laburaren Ingila, suka durƙusar da na'urorinsa, aka yi watanni masu bincike ba sa iya kaiwa ga abubuwa da yawa. Fotokwafin shekarun 1960 yana dusashewa, faifan da aka ajiye hoto a kai shekara ashirin da suka wuce yau da ƙyar za ka sami na'urar da za ta buɗe shi. Takardar mai jinjirin wata uku da tawadar gargajiya kuwa ga ta nan, ta shekara 200 tana karantuwa. Saboda haka gidan da aka ɗauki hoton littattafansa kada ya yi sakaci da asalin, ya ce ai suna cikin kwamfuta.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da dattawan zango ke yi duk lokacin da baƙo ya zo da kyamara: a ba shi ko a hana? Masu cewa a hana suna da hujja. An sha karɓar littafi da sunan aro bai dawo ba. Akwai kuma takardun da ba na kowa da kowa ba ne: laƙanin da malami ya karɓa da izini da sharaɗi, wasiƙar da ta ambaci asalin wani gida ko bautar kakan wani, rigimar gado da aka binne. Watsa irin waɗannan ga duniya ba adana tarihi ba ne, tonon asiri ne. Ni dai ra'ayina a bayar, amma da ido buɗe, domin gara da ɗigar ɗaki da gobara da rabon gado sun ci littattafai fiye da yadda baƙi suka ci. Kuma akwai ma'aunin da za a riƙe. Shirin ceto takardu na laburaren Ingila, wanda aka fara a 2004, ya gindaya cewa asalin takarda ba ya barin ƙasarsa, kuma dole a ajiye cikakken kwafin hotunan a wata cibiya ta ƙasar. Gidan malami yana da ikon neman fiye da haka: a ɗauki hoton a gabansu, a ba su nasu kwafin a hannu, a rubuta sunan gidan a cikin bayanin kowace takarda, a ware abin da ba su yarda a saki ba, a kuma sa duk wannan a rubuce da sa hannu. Ma'aikacin laburare na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan sharuɗɗa, hasali ma shi ke tsara takardar izinin, kuma yana da hanyar kulle wani sashe ya bar wani a buɗe.

Inda nake ganin har yanzu da saura shi ne harshen fihirisar. Galibin rumbunan nan da Ingilishi suke magana, wasu da Faransanci ko Larabci. Dattijon da ya fi kowa sanin abin da ke cikin takardar ba zai iya nemo ta ba, wanda ya iya nemowa kuma bai san abin da ya samu ba. Da za a ƙara bayani da Hausa, a kuma buɗe ƙofar da mai karatu zai aiko da gyara in ya ga an jingina waƙa ga wanda ba shi ya yi ta ba, da rumbun ya ƙaru, mu ma mun ƙaru. Abin da Alhaji Boyo ya yi a shekarun 1960 shi ne ake bukata yau, sai dai a wannan karon a zaunar da irinsa a kan teburin fihirisa, kada a tsaya ga aikensa karɓo littafi.

Akwai kuma wani nau'in takardu da masu tarawa na farko ba su ba muhimmanci sosai ba, domin hankalinsu ya fi karkata ga littattafan ilimi da waƙoƙi da tarihin sarakuna. Ina nufin takardun yau da kullum na zango: wasiƙun sarakunan zango zuwa ga junansu da zuwa ga hukuma, littafin bashin masu masauki da dillalan goro da na shanu, jerin waɗanda suka ba da gudummawar ginin masallaci, takardun aure da na rabon gado, wasiƙun alhazan da suka tafi ta ƙasa suka yada zango a Fort Lami ko Sudan. Irin waɗannan ne nazarin kwamfuta ya fi jin daɗinsu, domin cike suke da sunaye da garuruwa da kwanan wata da adadin kuɗi, abin da za a iya jerawa a ɗora kan taswira a ga daga ina mutanen kowane zango suka fito, da wa suka yi ciniki, da wa suka yi surukuta. Suna nan a cikin adaka da tsofaffin akwatunan ƙarfe a Kumasi da Tamale da Yandi da Sabon Zango, a hannun mutanen da yawancinsu sun haura saba'in, kuma su ne kaɗai za su iya cewa wane ne "Malam Garba mai goro" da aka ambata a shafi na uku.